Esin da na haɗa wa Baba da hannuna

Edita, ka ba ni fili in sauke abin da ya daɗe yana cina. A lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina sarin nama a mayankar Oko-Oba ina kai wa masu gidajen abinci. Ni mutum ne mai karambani, wannan ba sai an faɗa min ba. Fanka ta tsaya, ni. Dutsen guga ya mutu, ni. Har matata kan ce da za a bar ni da jirgin sama sai na kwance shi. Muna zaune a Agege tare da mahaifina, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar shekara biyu. Ba ya tashi, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu. Zafi yana wahalar da shi ƙwarai, bayansa duk ya yi ƙuraje.

Don haka na samo masa esi tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a wani sito a Ijora, irin wanda ake saita shi da ɗan akwati a jikin bango. Ya yi wata huɗu yana aiki lafiya lau, Baba ya samu barci. Na bi tagogin ɗakin na toshe da soso da leda don kada sanyi ya tsere, fankar ma na cire ta na kai ɗakinmu. Sai wata rana na ga wani kwastomana yana saita sanyin gidansa daga wayarsa, yana zaune a shago. Nan take raina ya biya. Na ce ai ni ya kamata in mallaki wannan, ina kasuwa ina duba ɗakin Baba.

Da na sayo sabon akwatin da ake saitawa da waya, na nuna wa wani dattijo mutumin Jos da ke gyaran ɗakunan sanyi a mayanka. Ya juya shi, ya tambaye ni irin esin, sai ya ce in dakata zuwa Asabar ya zo da kansa. Ya ce waɗannan injinan na ƙasashen sanyi fuska biyu gare su, suna sanyaya ɗaki kuma suna ɗumama shi, akwai sili ɗaya a cikin wayar da ke gaya wa injin wacce fuska zai juyo, kuma kowane kamfani da yadda yake haɗa nasa. Na yi dariya a raina. Esi ya hura zafi, a Legas? Na ce masa to, amma na san ba zan jira ba.

Ranar Alhamis da safe aka ɗauke wuta, na ce ga dama ta samu. Na cire tsohon akwatin ko hotonsa ban ɗauka ba. Sili biyar na tarar, kowanne da kalarsa, sabon kuma ramukansa sun fi haka yawa, da haruffa a kai. Huɗu na bi kala na cusa. Na biyar, ruwan lemo, na tsaya ina kallonsa, sannan na sa shi inda ya fi kama da wurinsa. Tunda babu wuta ban gwada ba. Na gaya wa Baba yau zai sha sanyi har ya nemi bargo, ya ɗaga min hannunsa mai lafiya. Matata ta tafi awon ciki, ni kuma ina da kaya da zan kai Ojota. Baba yakan yi barci kafin azahar, don haka na ja masa ƙofa, na sa kwaɗo a ƙofar ƙarfe kamar kullum.

Ina cikin danfo, motar haya, a hanyar dawowa, gosulo ya riƙe mu, sai wayata ta nuna an kawo wuta, esi ya tashi. Har na nuna wa na kusa da ni, ina baje haƙora. Zafin ɗakin yana digiri talatin da ɗaya, na saita ashirin da biyu. Da na sake dubawa ya koma talatin da huɗu. Na ce injin bai gama ɗaukar zafi ba ne, na ƙara rage shi zuwa sha takwas. Talatin da bakwai. A nan maganar dattijon ta faɗo min. Da hannuna nake ta umartar injin ya gasa mahaifina. Na danna a kashe, sabis ya tsaya yana ta juyawa. Na kira matata, wayarta a kashe, tana gaban likita. Na kira maƙwabciyarmu, wata Bayarabiya da muke ce wa Iya. Ta je ta dawo tana kuka, ta ce tana jin nishinsa, amma ga kwaɗo, tagogi kuma a toshe. Makulli ɗaya yana aljihuna, ɗaya yana jakar matata.

Na sauka daga motar na kama gudu a tsakanin motoci, ina tare okada, babu mai zuwa wajen unguwarmu. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne kamar ranar. Ina gudu ina kallon lamba tana hawa, arba'in, arba'in da ɗaya, ba abin da zan iya sai kiran sunan Allah. Iya ce ta sa aka zare fis ɗin gidan gaba ɗaya, ta kuma nemo mai walda ya yanke kwaɗon. Kafin in iso sun fito da shi tsakar gida suna shafa masa ruwa. Katifarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe, idonsa a buɗe amma bai gane ni ba.

Kwanansa tara a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi likita ko zafin ne sanadi, ya ce jikin dama ya yi rauni, ba zai iya yanke hukunci ba. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne zaman makoki. Mutanen unguwa sun ɗauka injin ne ya lalace da kansa. Duk wanda ya zo sai ya dafa ni ya ce samun ɗa irina sai an tona, wanda ya sa wa ubansa esi alhali shi yana kwana da fanka. Ina amsa addu'a, kaina a ƙasa. Dattijon nan ma ya zo. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya tafi.

'Yan uwa, abin da na koya ke nan: iya gyaran fanka ba ya mai da mutum masanin kowane inji. In za ku canja akwatin esi, musamman tokumbo, ku bari wanda ya san aikin ya duba ko wayoyin sun dace, kada ku bi kala. Kada ku bar abin da ba ku tsaya kun gwada ba yana aiki a bayanku. Kuma don Allah kada ku kulle marar lafiya ku tafi da makulli, ku bar ɗaya wurin maƙwabci. Kwana biyu kacal aka ce in jira. Yanzu shekara uku ke nan, 'yan uwana suna ta sa min albarka a kan Baba, ni kuwa har yau na kasa buɗe baki in gaya musu.