Baban da Ya Sauke Tagogin Asibiti

Shekara arba'in da ɗaya Baba Tsaya-Tukuna yana riga kowa isa wurin aiki. Kafin ya taɓa cokalin gini sai ya zaga filin, ya duba ta inda rana ke fitowa, ta inda iska ke bi, da inda ruwa zai kwanta. Sannan ya shiga tambayoyin da suka ja masa wannan suna: wa zai kwana a nan? Akwai tsohuwa a gidan? Leburori kan yi masa tsiya, wai Baba sai ya san kakan mai gida kafin ya aza bulo ɗaya. Shi kuwa a wurinsa, yadda ka ɗauki mutum, haka za ka gina masa ɗaki.

Bara aka ba su ginin ɗakin kwantar da marasa lafiya a wani asibiti. Takardar zane ta ce a sa tagogi can sama, daidai kafaɗar dogon mutum. Baba ya share ƙasa, ya kwanta rigingine inda gado zai zauna, ya waiga dama da hagu, ba abin da ya gani sai bulo. Ya tuna matarsa, wadda ta yi wata huɗu a irin wannan ɗaki tana kallon fenti har ta cika.

Ya sami ɗan kwangila da maganar, aka ce ba tunani aka ɗauke shi yi ba. Ya roƙa a kira mai zanen, aka ce yana taro.

"Yallaɓai," in ji Baba, "wanda ya zana wannan a tsaye ya zana shi. Masu ɗakin kuwa a kwance za su wuni."

Da ba a saurare shi ba, ya sauke tagogin da layi uku na bulo. Ɗan kwangila ya zo ya gani, ya sallami Baba a gaban maginan da shi Baban ya koya musu riƙon cokali, ya kuma bi abokan sana'a yana cewa tsohon ya fara ruɗewa. Tagogin dai ba a rushe su ba, don ranar miƙa gini ta matso.

Ga abin takaicin. Ranar buɗewa mai zanen ya riƙe lasifika yana bayanin falsafarsa, wai da gangan ya haɗa majinyaci da sararin sama, aka yi ta tafi. Sunaye shida aka rubuta a allon bango, har da na mutanen da siminti bai taɓa ɓata musu takalmi ba. Na Baba babu.

'Yarsa, wadda ke aikin jinya a ɗakin, ta dawo gida tana huci, ta ce gobe sai ta tona asiri. Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Uwata, mai gadon ƙarshe yana hango bishiyar nan ta bayan ɗakin?" Ta ce yana hangowa. Ya ce to, ta bar su.

Shi ya bari, mu ba mu bari ba. Tun daga ranar da aka sallame shi ba wanda ya sake kiransa aiki, kuma ba ƙarfi ne ya ƙare masa ba. Kai ne, Baba, ka kwanta a ƙasa don wanda ba ka sani ba, aka kira ka ruɗaɗɗe, wani ya sha tafi da tunaninka. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ji ƙan mai ɗakinka.

Ku kuma masu zane da masu kwangila, kafin ku ja layi a takarda, ku sami wuri ku kwanta tukuna. In kuna tsoron rigarku ta yi datti, Baba yana gida, ƙofarsa a buɗe take. Ku je da kunyarku.