Sai Gobe Mai Gyaran Takalmi

A bakin layinmu, tsakanin shagon mai cajin waya da famfo, akwai rumfar wani mai gyaran takalmi da kowa ke kira Sai Gobe. Bara ya rasu, Allah ya ji ƙansa, kuma da izinin matarsa nake ba da labarinsa.

Mata ne suka raɗa masa sunan. Namiji in ya kawo takalmi, yana tsaye za a ɗinke a miƙa masa. Mace kuwa, ko igiya ɗaya ce ta tsinke, sai ya juya takalmin, ya shafa ƙasansa da babban yatsa, ya ce, “Sai gobe, Hajiya.” In takalmin ya ɗan sha jiki, sai ya girgiza kai. “Wannan ya mutu, Hajiya, ki bar shi kawai.” Mu kuma sai mu bar shi.

A wajen kawunsa ya koyi sana'ar, bai kuma taɓa yin wata ba. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, sahun gaba ba ya wuce shi. Ban taɓa ganin ya kalli mace a fuska ba, har marigayi maigidana kan ce samarin layin su yi koyi da shi. Daga baya na lura ba ƙasa yake kallo ba, ƙafa yake kallo. Na ja bakina na yi shiru, don ban san inda ake kai ƙarar mutum a kan ya sunkuyar da kai ba.

Ya yi aure a makare, Allah ya ba su tagwaye, matar ta zama Maman Biyu. Katanga ɗaya ce tsakanina da su.

Wata hantsi ina tsintar shinkafa ta shigo ba sallama, jakar kaya a kafaɗa, kwali a hannu. Rufin ɗakin ajiyarsu ne ya yi yoyo, ta je janye kaya, ta ci karo da kwalin. Ta dire kwalin a gabana. Takalman mata ne, kowanne an gyara shi, an goge, an naɗe shi da tsumma mai tsabta.

“Yaya, gidanmu zan tafi,” in ji ta. “Mata ne da shi a waje.”

Na ɗaga wani na duba, na ɗaga wani. “In mata ne, to har da tsohuwa mai kumburin ƙafa.”

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado, ta rage murya. “Tun da aka kawo ni, mutumin nan ba ya waiwayata sai in takalmin fita ne a ƙafata. Na ɗauka ado yake so. Kwanaki na tarar da shi ya rungume ɗaya yana shinshina, ya ce wai fatar yake dubawa.”

Tana magana ina buɗe tsummokin, sai ga wani ruwan ƙasa mai igiya biyu. Shekarar da na fita takaba Sai Gobe ya ce mini takalmin nan ya mutu.

“Wannan nawa ne.”

“Yaya! Har da ke?”

“Har da takalmina dai. Ni ina nan ina tsintar shinkafa.”

Na ce ta bar jakar a ɗakina tukuna. A asibitin da nake zuwa awon hawan jini akwai wata likita a bene, wadda ke ganin masu damuwar zuciya. Da muka tare Sai Gobe da maganar kwalin da ta zuwa wajen likitar, bai yi musu ba. Ya ce ya yi azumi, ya yi addu'a, ya taɓa ƙone kwali guda, bai san lokacin da ya sake tara wani ba. Ya yarda zai je, matar ta ce ba za ta shiga ba sai da ni.

Likitar tana sanye da baƙin takalmi mai sheƙi. Tun da muka zauna har muka tashi, fankar sama yake kallo.

Ta tambaye shi ko ya taɓa bin mace, ko leƙe, ko taɓa wadda ba ta yarda ba. Ya ce Allah ya kiyaye. Ta tambayi yaushe abin ya fara. Ya ce tun bai san mene ne ba. Yana ƙarami in mata suka taru a ɗakin uwarsa, shi a bakin ƙofa yake zama, wajen takalma.

Ta ce akwai mutanen da sha'awarsu kan maƙale a kan wani abu, tufafi ko gashi ko takalmi, sau da yawa tun suna yara, kuma ba a gama sanin dalili ba. Ba hauka ba ne. Abin da ake dubawa shi ne ko yana cutar da wani, ko yana hana mai shi sukuni. “Abin da ke tsakaninka da matarka, in ta yarda, naku ne. Amma takalmin da ka ce ya mutu alhali da sauransa, ba naka ba ne, masu shi kuma ba ka tambaye su ba.”

“To ni fa, likita?” in ji Maman Biyu. “Ni yake so ko takalmin?”

“Ga shi nan, tambaye shi.”

Ya daɗe yana kallon fankar. Can ya ce, “Na cikin kwalin babu kowa a cikinsu.”

Ya ci gaba da zuwa wajen likitar shi kaɗai. Takalman kuma ya mayar wa masu su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, “Na sake dubawa, Hajiya, ashe bai mutu ba.” Har aka yi ta yabon amanarsa. Ya sa kafinta ya yi masa benci, ya ajiye a gefen rumfar. Daga nan takalmin mace bai ƙara kwana a wajensa ba: ki zauna, ya ɗinke, ki sa abinki ki tafi. Sunan ne dai ya ƙi sakinsa.

Jakar ta jima a bayan ƙofata. Yau Maman Biyu ta zo ta ciri mayafi, jibi ta zo ta ciri rigar yara, ba ta cewa ta fasa tafiya, ni ma ba na tambaya. Rannan bayan azahar ta shigo da sallama, ta ɗauki jakar gaba ɗaya, ba nauyi a cikinta. Na dubi ƙafarta. Jan takalmi ne mai tsini, sabo, ga shi katanga ɗaya kawai za ta zagaya.

“Unguwa za ki, Maman Biyu?”

“Gida zan shiga, Yaya. Ki rufe ƙofarki, ƙuda na shigowa.”