Ranar da Baba Ya Je Sinja Kallon Wasana

A ƙauyenmu na bakin kogi babu wanda ya taɓa buga ƙwallon kwando kafin mu, amma muna da masananta guda biyu, kuma duka a gidanmu suke shan gahawa: Baba, da Kawu, ƙanin Inna. Tare suka yi makarantar horon malamai a Madani tun ba a haife ni ba. Baba gajere ne, Kawu kuma tun yana saurayi yake fama da tumbi, don haka aikin da suka yi wa ƙungiyar makarantarsu shi ne zama a gefen fili da tafi. Baba ya koyar na wasu shekaru ya koma gona, Kawu ya buɗe shago. Abin da suka dawo da shi daga Madani wanda bai tsufa ba shi ne musu.

Koci biyu suka horar da ƙungiyar a zamaninsu. Na farko tsoho ne mai sanda, dokarsa ita ce kowa ya riƙe mutuminsa, ka bi abokin karawarka duk inda ya sa ƙafa. Na biyu mai tabarau ne, shi kuma cewa ya yi kowa ya tsare gurbinsa, wanda ya shigo maka ka tare shi, wanda ya fita ka ƙyale shi. Baba na mai sanda ne. Kawu na mai tabarau. Kocin nan biyu sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙan su, amma a rumfar ƙofar gidanmu ba a bar su sun huta ba ko yini ɗaya.

Bayan la'asar ni ke kai musu tire, tukunyar gahawa da muke kira jabana da ƙananan kofuna, don haka na haddace karatun ba da son raina ba.

"In akuya ta shiga gonarka," in ji Baba, "tsayawa kake a kusurwa kana jiran ta zo gaishe ka? Bin ta kake yi."

"In tsuntsaye suka sauka a dawa fa, Ustaz?" in ji Kawu. "Kowane ɗaya za ka bi? Sai ka bi su har Habasha."

Daga nan sai 'yan wasa. Baba yana da wani bahago da yake rantsuwa ba a sake haihuwar irinsa ba, wai yana jefa ƙwallo ya juya baya tun ba ta faɗa ba. Kawu ya ce bahagon nan ragon banza ne, dogon nan ɗan garin Hasahisa shi ke yin wahalar, shi kuwa ya kwashi tafi. Sauran dattawan rumfar, waɗanda ba su taɓa ganin kwandon da ya wuce na tumatir ba, sun rabu gida biyu su ma. Mai gyaran famfon ban ruwa yana bayan Baba. Ladan yana bayan Kawu, kuma in ya yi zafi har yana kusa makara.

Ina aji biyu na sakandare aka turo mana sabuwar malama daga Madani, muna ce mata Ustaza. Ta sa aka kafa ƙarfe biyu a bayan ajujuwa, ta tara mu dogaye, ta ce ƙwallon kwando za mu koya. Muna bugawa da dogon wando da ɗankwali ɗaure tamau, a ƙasa mai tsakuwa. Na so abin fiye da yadda na zata. Da aka sa gasar makarantun 'yan mata a Sinja, Ustaza ta zaɓe ni, ta ce amma ba za ta ɗauki kowa a mota ba sai ta ji amincewar uba daga bakinsa. Ranar Alhamis za a tafi.

Ƙawayena suna ta fargabar iyayensu, ni kuwa har tausayinsu nake ji. Wa ke da uba irin nawa, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wa'azin ƙwallon kwando? Na shirya amsar duk abin da zan iya ji. In ya ce sutura, ga wando har idon sawu. In ya ce hanya, da malamai mata za mu je mu dawo a yinin. Na same shi yana wanke ƙafa bayan ya dawo daga gona, na faɗa masa.

Fuskarsa ta yi haske. Bai tambayi sutura ba, bai tambayi hanya ba. Ya ce, "Ita Ustazar taku, wa ya koya mata?"

Na ce ban sani ba.

"Tayyib. In an kawo muku hari, mi kuke yi?"

"Kowa ta tsare gurbinta."

Ya ajiye butar a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Ba za ki ba."

"Baba, saboda me?"

"Ɗiyata ba ta zuwa gaban mutanen Sinja ta tsaya kamar turken jaki tana jiran a zo a wuce ta."

Washegari na tambayi Ustaza, ta ce eh, wanda ya horar da su a jami'a ɗalibin mai tabarau ne. Ta faɗa da alfahari, ba ta san ta kashe ni ba. Na ce ko za mu ɗan canza salo na mako ɗaya. Ta dube ni ta ce ubana ya zo ya karɓi usur ɗin in yana so.

Na kai ƙara wajen Inna. Tana tuƙa tuwon asida, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita tun tana amarya mutanen nan biyu, mai sanda da mai tabarau, suke zaune mata a gida ba su taɓa kawo ko sukari ba, kada in sa ta a ciki.

Sai na yi kuskuren zuwa shagon Kawu. Ya ji daɗi har ya ba ni alawa kamar ƙaramar yarinya, ya ce in bar masa. Da la'asar kuwa ya shiga rumfa yana murmushi, ya sanar wa jama'a cewa ilimin mai tabarau ya biyo kogi ya shigo har cikin gidan Ustaz. Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Maganata ta tashi daga ta gida ta zama ta rumfa, kuma duk abin da ya shiga rumfar nan ba ya fitowa. Suka fara da ni, kafin kofi na biyu sun koma kan wani wasa da aka yi da ɗaliban Hartum, ko bahago ne ya jefa ta ƙarshe ko ɗan Hasahisa. Ina bayan katanga ina jira a dawo kaina. Aka kira magariba ba a dawo ba.

Ran Laraba iyayen sauran duk sun je sun ga Ustaza, har da wanda muke tsoro, mai hana 'ya'yansa zuwa biki. Saura ni, ɗiyar masani. Na kai tire, na ajiye, ban tashi ba. A gidanmu yarinya ba ta tsayawa a rumfar maza. Na tsaya.

"Baba, ina da magana."

Mai gyaran famfo ya yi tari. Baba ya ce, "Ki bari in shigo."

"In ka shigo mota ta tafi. Tun ina goye kuke wannan musu, kuma ba wanda ya kawo shaida. Masu horon sun rasu, 'yan wasan suna dogara sanda. Gobe ga wasa da rai a Sinja. Makarantar da za mu kara da ita, an ce kowa mutuminta take bi. In salon Ustaza banza ne, a bar ni in je a lallasa mu a gaban Kawu."

Ban san ko gaskiya ne abin da na faɗa game da waccan makarantar ba, a bakin wata na ji. Na ga Baba yana juya kofi a hannunsa. Na san ba ni yake gani ba, fuskar Kawu yake hangowa a hanyar dawowa.

Kawu ya ce, "Kada ki matsa masa, ɗiyata. Tsoro yake ji ku ci."

"Halas, shi ke nan," in ji Baba. "Za ta. Ni ma za ni. Kai ma ka rufe shagon nan."

Haka na samu izini, a kan sharaɗin in sha kashi.

Da safe motarmu ta ɗauki 'yan wasa da malamai, wata ƙaramar bas ta biyo mu da rabin rumfa, kowa da farar jallabiya da rawani kamar masu zuwa ɗaurin aure. Filin Sinja na siminti ne, da layuka da fenti, kwandon har da raga. Ban taɓa jin ƙarar ƙwallo a kan siminti ba sai ranar. Da na hango Baba a layin gaba ya gyara zama, sai na ji ina so ya ga ko abu ɗaya daga gare ni.

Abin da ban sani ba, kusa da Baba da Kawu akwai wani dattijo ɗan Sinja, shi ma tsohon ɗalibin makarantar tasu, amma na bayansu. Ya saurare su kaɗan, sannan ya ce da mai sanda da mai tabarau duk ba su iya komai ba, koci na gaskiya shi ne wanda ya zo daga baya, wani mai gemu. A rayuwata ban taɓa ganin Baba da Kawu a gefe ɗaya ba sai ranar. Suka juya masa gaba ɗaya, da kujerunsu.

An lallasa mu, ba sai na ɓoye ba. 'Yan matan can sun fi mu gudu, sun fi mu saba wa siminti, kuma ban ga alamar suna bin wani salo ba, ƙwallo kawai suke bi. Amma ana kusa da tashi ta zo hannuna a gefen dama, nesa kaɗan, ba kowa a gabana. Na jefa. Ta shiga ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Ƙawayena suka yi ihu, Ustaza ta daka tsalle da mayafinta. Na juya wajen layin gaba. Ƙeyar Baba na gani, da hannunsa a sama yana nuna wa ɗan Sinja yadda bahago ke riƙe ƙwallo. Ladan kaɗai ke kallon fili, shi ma agogo yake dubawa.

A dawowa Baba ya ce in shiga motarsu. Na zauna kusa da shi. Motar ta cika da murna, kowane ɓangare ya ci. Baba ya ce ga shi nan, tsaron gurbi ya jawo mana kunya. Kawu ya ce salon ba shi da laifi, yaran ne ba su tsaya inda aka ce su tsaya ba. Ladan ya ce, "Amma ɗiyar Ustaz ta jefa ɗaya mai kyau."

"Na gani," in ji Baba da sauri. Muka wuce gonakin ayaba, ya bari hayaniya ta tashi, sannan ya sunkuyo kusa da kunnena. "Ke, da wane hannu kika jefa?"

"Da dama, Baba. Da wanne nake komai?"

Ya gyaɗa kai, ya miƙe zaune, ya ɗaga murya. "Kun lura da hagun nan kuwa? Sak irin ta mutumina. Barin gurbinta ta yi ta bi ƙwallo, shi ya sa ta shiga. Jini ba ya ɓuya."

Kawu ya ce ƙarya ne, a gurbinta take cif, da idonsa ya gani.

Tun daga ranar na shiga rumfa, ba a matsayin mai kawo tire kaɗai ba. Ana ambatona tsakanin bahago da ɗan Hasahisa. A bakin Baba jifar tana ƙara nisa duk shekara, yanzu ta kusa tsakiyar fili. Da gasar shekara ta gaba ta zo, ban gama buɗe baki ba ya ce in je, ai dole, akwai abin da yake so Kawu ya sake gani da kyau. Na ce to, amma wannan karon zan roƙi Ustaza ta ajiye musu kujerun da ba sa juyawa. Bai ji ni ba, ya riga ya koma kan mai gemu.