Wa Zai Haƙa wa Habibu Gidajen Dara?

Daga Allah muke, kuma ga shi an kira ki kin amsa. Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025, labari ya iso mana Wurno cewa ke, Inna Mashkura, kin rasu a Achida bayan gajeriyar jinya. Na yi salati. Kafin hawaye ya zo, tsoro ne ya fara zuwa, domin ina kallon ƙanena Habibullahi zaune a gindin bango.

Habibu ya haura talatin, ba ya magana, kuma idan ransa ya ɓaci maza biyu ba sa riƙe shi. Ni nake kula da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Sai da aka kwatanta mini gidanki, inda kowace Alhamis kike tara guragu da makafi da masu larura irin tasa su yi wasa, na san akwai mai iya karɓar mini shi ko na wuni ɗaya.

Ranar farko na ƙi sakin hannunsa. Kika ce, "Mi kika tsoro, ɗiyata? Tahi ɗaki ki kwanta, ni da Habibu muna da aiki." Kika durƙusa kika haƙa gidajen dara a ƙasa, kika zuba masa tsakuwa. Bai san ƙa'idar wasan ba, cika ramuka kawai yake yi, ke kuwa ki dafe kai ki ce ya cinye ki. Mazan unguwa suna tsokanarki wai tsohuwa ta ƙwace musu dara, ba ki ko ɗaga kai. Mu masu jinya kuwa dokarki ɗaya ce: barci ko lalle, ba a leƙowa tsakar gida. A ɗakinki na yi barcin rana na farko cikin shekaru.

Tun daga nan Habibu ya daina bugun mutane. Yana jure sauran mako saboda Alhamis.

Inna, ban san yadda ake gaya masa mutuwa ba. Alhamis ɗin da ta wuce ya sa takalmansa ya tsaya a bakin ƙofa. Da ya ga ba mu tafi ba, ya ture maƙwabcinmu har ya fasa masa baki. Yayanmu Mainasara ya ce, "In yaƙ ƙara taɓa wani, sai marin ƙarfe a ƙafa. Ba ni da yadda za ni yi." Na san ba mugunta ba ce, shi ma ya gaji. Amma na taɓa ganin ƙafar da mari ya ci, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Jiya na durƙusa na haƙa masa gidajen kamar yadda kike yi. Ya dube su, ya dube ni, ya sa ƙafa ya shafe.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Hassana da Almustapha, da duk waɗanda suka huta a inuwarki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya hutar da ke kamar yadda kika hutar da mu.

Gobe Alhamis. Zan sake haƙawa. Ya Allah, Ka sa ya yarda da hannuna.