Oban ɗin Auta

A duk faɗin garinmu babu wanda ya san fatar dainoso, ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da, kamar Mai Haƙori. Shi ya faɗa, kuma shekara ashirin ba a samu mai ja da shi ba, wani ɓangare saboda dabbar ta ƙare a doron ƙasa tun kafin a yi mutum, saura kuma saboda ba wanda abin ya dama.

Sunan daga wurin aiki ya samo shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin baya na wani asibitin haƙori yana haɗa wa mutane haƙoran roba. Bai taɓa ganin fuskar mara lafiya ba. Siffar bakin kawai ake kawo masa, an zuba ta da farin siminti an rubuta lamba a gindi, shi kuma ya cike giɓi ya mayar. Godiya a ɗakin gaba ake yin ta, likita ke karɓa. Mai Haƙori ya ce wannan bai taɓa damunsa ba, kuma ya faɗi haka sau da yawa.

Dainoso ya shigo rayuwarsa ranar da ya saya wa ɗansa na fari wani na roba a wurin mai kayan wasa. A hanya ya leƙa bakinsa, ya ga haƙoran duk tsayinsu ɗaya, a jere kamar na mataji. Ya ce bari ya ɗan gyara kafin ya ba yaron. Yaron yanzu yana da 'ya'ya uku a wani gari, kuma bai karɓi abin wasansa ba tukuna.

Da ya yi ritaya sai ya kwashe buhuna daga siton da ke jikin kicin, ya sa tebur da fitila da gilashin ƙara girma. Aikin ba ya canzawa. Zai sayo na roba mai araha, ya yanke wuya ko ƙafa da ƙaramin zarto, ya zura waya, ya lanƙwasa ta yadda littattafai suka ce dabbar ke tsayuwa, ya cike wurin, sannan ya zauna ya zana fata ƙwaya-ƙwaya da tsinkunan ƙarfen da ya taho da su daga asibiti. Abin cikewar shi ne ilimin, a cewarsa, kuma yana da hukunci a kan kowanne. Yumɓun da ke bushewa a iska na 'yan makaranta ne, yana tsukewa ya tsage a gwiwa. Ƙullun haɗa haƙori, na hoda da ruwa, ba shi da na biyu a haƙori da farce, amma ba ya jira. Yumɓun roba da ake gasawa yana da kyau idan daga waya ka fara ginin, sai dai ba a ɗora shi kan abin wasa, don roba ba ta shiri da wuta. Abin da ya yarda da shi shi ne gam mai kashi biyu, wanda ake murza fari da toka-toka har su zama launi ɗaya, ya ba mutum awa biyu yana zane kafin ya daskare. Wanda ya zo gaisuwa ya yi kuskuren tambaya sai ya ji wannan duka, a tsaye.

Ladan wannan wahala wuri ɗaya yake. A bakin ƙofar laburaren gari akwai wata kwabar gilashi, kuma duk farkon shekarar karatu shugabar laburare na canza abin da ke ciki. Shekara bakwai a jere dainoso ɗin Mai Haƙori ne a ciki, da ɗan kati a ƙasa an buga sunansa. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da aikinsa da sunansa suka zauna a ɗaki ɗaya. Sau biyu a mako yake zuwa mayar da littattafan da bai karanta ba.

Matarsa mai yin kek ce, tana da ƙane, autan gidansu, mai gyaran jikin mota. Auta mutum ne mai ƙaton hannu da dariya a kusa, kuma tun ranar ɗaurin aure yake kiran mijin yayarsa Likita, don ya san ba likita ba ne. Wata Asabar ya zo cin abinci, ya leƙa sito, ya tona kwalin da ake zuba waɗanda suka lalace, ya ɗauko wani mara ƙafa ɗaya.

"Likita, wannan majinyacin ka sallame shi ne?"

"Ya mutu. Ajiye."

"Ba ni gawar in gwada. Na tayar da motocin da suka fi shi mutuwa."

Mai Haƙori ya ba shi, da murmushin mutumin da ya san inda abin zai ƙare.

Bayan mako uku Auta ya dawo da shi a cikin leda mai tabon baƙin mai, ya dire a teburin cin abinci kusa da butar shayi. Mai Haƙori ya ɗauka ya kai ƙarƙashin gilashi. Nan take ya ga kurakurai, ya ji sanyi a ransa. Yatsun hannu uku ne, biyu ya kamata. Wutsiya tana jan ƙasa. Sai ya kai ga fatar.

Ba alamar tsinke ko ɗaya. Ƙwayoyin ba su jeru ba, ba su kuma watse ba, manya a gadon baya, ƙanana a lungun cinya, da 'yan tamoji a wuya kamar dabbar yanzu ta juyo ta dube ka. Nasa, da ya waiwaya ya dubi kanta, kowace ƙwaya tana nuna cewa wani mutum mai haƙuri ya zauna ya zana ta. Na Auta ba ya nuna kowa. Fata ce kawai.

"Yaya dai, Likita? Zai rayu?"

"Yatsunsa uku."

"To ai ƙari ne. Wa ya taɓa kai ƙara don an ba shi ƙari?"

Auta ya mayar da abinsa leda ya tafi. Mai Haƙori bai ƙara shinkafa ba a ranar, abin da matarsa ta lura da shi.

Da a nan abin ya tsaya, da ya haɗiye. Amma matar ta kai kek laburare ranar da ake sallamar wani ma'aikaci, kuma cikin hira ta ce ai ƙanenta ma ya fara, har ma maigidan ya daɗe yana kallon na ƙanen. Shugabar laburare mace ce mai son adalci. Ta aiko cewa bana kowa ya kawo nasa ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ta duba ta zaɓa, tunda kwabar dabba ɗaya take ɗauka.

Mai Haƙori yana da nasa a shirye, wani mai dogon wuya da ya kwashe wata takwas a kansa. Kafin Auta ya dire ledar nan, ya ɗauka shi ne aikin da za a tuna shi da shi. Yanzu in ya dube shi sai ya ga kamar an saƙa masa rigar sanyi.

Don ya samo irin fatar da Auta ya yi, ya gwada soso. Ya gwada buroshin goge baki, da gishiri, da tafin hannunsa. Abu ɗaya ne bai gwada ba, wato ya tambayi Auta, don mutumin da ya yi shekara ashirin yana ba da amsa a tsaye ba ya zuwa gareji da tambaya. Ana saura kwana uku ya sami matarsa a kicin tana fasa ƙwai.

"In kin je gida, ki ɗan ji da me yaron nan ya yi aikin nan. Kamar ke ce kike son sani."

"Ni? Me zan yi da fatar ƙadangare?"

"Ba ƙadangare ba ne."

"Baban yara, lambarsa tana wayarka."

"Ba na son in sa shi jin nauyi."

Ta dube shi ta ci gaba da fasa ƙwai. Amma ta je, ta kuma dawo da amsa. Fila ce, in ji ta, irin wadda suke cike lotsawar mota da ita. In ya gama sai ya sa a oban minti arba'in.

"Oban? Wuta nawa?"

Auta bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Amma mace ce da ta san abu ɗaya da ke yin minti arba'in a oban, don haka ta ce, "Wutar kek mana."

Mai Haƙori ya san roba ba ta shiri da wuta. Ya faɗa wa baƙi da yawa. Amma ya zauna ya yi tunani irin na mai ilimi, kuma ilimi ya kai shi inda jahilci ba zai iya ba. Fatar ba ta da alamar tsinke, ke nan ba hannu ya yi ta ba. Zafi ne. Roba na ɗan motsawa a ciki, fila na tattarewa a waje, tamoji su fito da kansu. Shi ya sa shekara ashirin bai same ta ba, yana ta gudun abin da ke yin ta. Ya sayo gwangwanin fila, ya gasa ɗan gutsure shi kaɗai, bai ga tamoji ba, kuma wannan ya ƙara tabbatar masa cewa sai da roba a ciki.

Ranar Laraba da hantsi, matar ta fita kai saƙo, ya shafe mai dogon wuya da fila siriri, ya rufe zanen wata takwas da hannunsa, ya ɗora shi a farantin kek, ya murɗa wuta. Ya ja kujera ya zauna yana kallo ta gilashin oban. Minti goma na farko ba abin da ya faru. A na goma sha biyar wuyan ya fara sunkuyawa a hankali, da ladabi, har kan ya taɓa faranti. Ƙafafun suka buɗe. Ya ga tamoji sun fara fitowa, ya ƙara minti biyar.

Matar ta dawo ta tarar da tagogi a buɗe, hayaƙi mai ɗaci ya cika gidan, da wani abu a farantinta mai kama da takalmin da mota ta taka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tana da kek na mutane ranar Asabar, kuma in ya fito da warin roba, shi zai je ya yi musu bayani da sunan dabbar a Latin.

Da la'asar ya tafi gareji. Ya tarar da Auta a tsugune yana goge ƙofar mota da sanfefa, fari fat da ƙura har gira.

"A'a, Likita da kansa. Haƙorin wa ya faɗi?"

"Ina oban ɗin?"

Auta ya nuna da haɓa. Wani ɗaki ne na kwano a ƙarshen fili, girman da mota ɗaya za ta shiga, da fitilu jere a bango. Mai Haƙori ya shiga ya tsaya a tsakiya. Ɗumi ne kamar na motar da aka rufe a rana. Wani ma'aikaci na zaune a ciki yana cin burodi.

"Nan muke busar da fenti," in ji Auta. "Da na fesa masa launi sai na ajiye shi a kan bonet ɗin wata mota, suka bushe tare. Me ya faru?"

"Fatar fa?"

"Wace fata?"

"Fatar jikinsa. Da me ka yi ta?"

Auta ya ɗan yi tunani, kamar an tambaye shi abin da ya ci shekaranjiya. Sannan ya je bayan wata mota ya yago guntun ledar tsohuwar kujera, irin mai ƙwaya-ƙwayan nan.

"Wannan. Kafin fila ta kama sai ka danna, ka ɗaga. In ka ɗan murɗa sai ta yi tamoji. Minti biyu. Ai na ɗauka haka kake yi."

Dainoso ɗin Auta yana kan kanta a ofis, an rataya makullan motoci a wuyansa. Mai Haƙori ya tuna masa gobe Alhamis.

"Wai gobe ne? Motar mutum uku ke wuyana. Yaya, ai hanyarka ce, ka miƙa min shi mana. In ba su so ka dawo min da shi, makullai na ɓata in ba ya nan."

Wannan ne karo na farko da ya kira shi Yaya, kuma aike ne.

Washegari Mai Haƙori ya sa rigarsa ta zuwa laburare, ya naɗe dainoso ɗin Auta a tawul mai tsabta. A hanya ya shirya abin da zai ce. Zai ce na ƙanen matarsa ne, mai gyaran mota, sabon shiga, yana da hannu amma bai yi karatu ba. Zai ce nasa ya sami matsala ta fasaha. Ya maimaita jimlar har ta yi santsi.

Shugabar laburare ta buɗe tawul kafin ya zauna. Ta ɗaga dabbar zuwa taga, ta juya ta, ta shafa wuyan da ɗan yatsa.

"Malam, shekara bakwai kana kawo mana abu mai kyau. Amma wannan daban ne. Dubi fatar nan. Surukin naka bai zo ba ko? Ya kyauta wa kansa."

Mai Haƙori ya buɗe baki. Jimlar tana nan, a shirye, da santsinta.

"Yatsunsa uku," ya ce. "Biyu ya kamata."

"Kai dai ba ka taɓa gamsuwa da aikinka."

Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko kati mai ɗauke da sunansa. Tun farkon mako ta buga shi.

Dainoso ɗin yana can a kwabar har yanzu, da sunan Mai Haƙori a ƙasa. Duk wanda ya san aikinsa ya yarda shi ne mafi kyau da ya taɓa yi.