Mang Tinoy Dimaano, Mugun Fim Mai Sayen Ƙaho

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Celestino Dimaano, wanda jama'a suka fi sani da Mang Tinoy, a watan Afrilu na shekarar 1927, a garin Bauan cikin lardin Batangas. Sunan mahaifinsa Isidro, mai keken doki ne da ke jigilar mutane tsakanin kasuwa da bakin ruwa. Sunan mahaifiyarsa Petra, sana'arta toya wainar shinkafa a ƙofar coci. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai dokin gidan ya taɓa shura. Shurin ya same shi yana da shekara tara, ya tsaga masa girar hagu, ya karkatar masa da hanci, kuma da wannan fuska ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.

Karatunsa

Karatunsa bai yi nisa ba, babu amfanin a yi masa ado. Ya tsaya a aji huɗu ya koma riƙe wa mahaifinsa linzami. Da yaƙi ya zo, sojojin Japan suka tafi da dokin, iyalin suka fake a ƙauyen kakanninsu suna cin rogo har aka sami lafiya. A shekarar 1946 ya shiga Manila, alhali rabin birnin kango ne, da riga biyu da wuƙar Batangas a ƙugunsa.

Shigarsa Harkar Fim

A shekarar 1948 ya sami aiki a kamfanin fim na Makahiya, yana ɗaukar fitilu da jan wayoyi. Wata rana wanda zai fito a matsayin ɗan fashi ya kwana shan giya bai zo ba, daraktan ya waiga ya ga Tinoy tsugune yana cin busasshen kifi da hannu, ya ce, "Kai, mai hancin nan, ka iya mutuwa?"

Tinoy ya ce, "Ban taɓa gwadawa ba, maigida."

"To yau za ka gwada. Ku ba shi bindiga."

Tun daga ranar ya zama mugun fim, kuma bai sake fitowa a wani matsayi ba tsawon shekara talatin. Ya ƙwace gonakin talakawa, ya sace 'yan mata a kan doki, ya mari tsofaffi, an kuwa kashe shi ta kowace hanya da marubuta suka iya tunanowa. Ya ƙware ƙwarai, har ƙwarewar ta zame masa wahala, domin mutanenmu ba sa raba fim da gaskiya. A kasuwar Quiapo wata tsohuwa ta taɓa rafka masa lema tana cewa, "La'ananne, ina ka kai yarinyar mutane?" Ya cire hula ya ce, "Na mayar da ita gida, Kaka, har da kuɗin mota." A zahiri mutum ne mai sanyin hali, ba ya shan giya, kuma ba ya iya kallon yankan kaza.

Aurensa

A watan Janairun 1953 ya auri Purificacion Abrenica, wadda ake kira Puring, mai ɗinkin kayan 'yan wasa a kamfanin. Iyayenta sun ƙi shi da fari saboda sun gan shi yana shaƙe wani dattijo a fim, sai da ya yi wata shida yana ɗebo musu ruwa da faskare kamar yadda al'ada ta tanada kafin suka sauko. Suka zauna a gidan katako a unguwar Sampaloc, Allah ya ba su Efren a 1954, da Nestor a 1957.

A shekarar 1959 kamfanin ya ba shi damar ba da umarni a fim guda ɗaya, wanda shi ne na farkonsa kuma na ƙarshe. Sunansa Ɗiyar Mai Gishiri, an ɗauke shi a gonakin gishiri na Kawit. Da jarumar da aka ɗauka ta ce ƙafarta ba za ta taɓa ruwan gishiri ba, sai Tinoy ya sallame ta ya sa matarsa. Fim ɗin ya yi mako biyu a silima, masana suka yaba, jama'a ba su cika kujeru ba, Puring ta koma kan kekenta na ɗinki ba tare da wani ƙorafi ba.

A watan Satumban 1961 Allah ya yi wa Puring rasuwa wajen haihuwar 'yarsu Remedios. Tinoy bai sake aure ba.

Gobara da Rufe Kamfani

Kamfanin Makahiya ya rufe a shekarar 1964, aka jibge faifan finafinansa a wani sito. A 1968 gobara ta cinye layinsu a Sampaloc, ya fita da yara uku da tukunyar shinkafa, amma hotunan Puring duka suka tafi, har da na ranar aure. Danginta kuwa ba masu ɗaukar hoto ba ne. Ta haka Remedios ta tashi ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, ga shi ta ɗauko girar ubanta da faɗin goshinsa, yaran unguwa suna kiranta 'yar mugu.

Tana da shekara goma sha biyu ta tambaye shi game da mahaifiyarta, "Tatay, da gaske babu abin da na ɗauko na Nanay?"

Ya ce, "Bakinki nata ne."

Ta ce, "Haka kake cewa don kada in yi kuka."

Ba shi da hujjar da zai nuna mata. Washegari ya tafi siton kamfanin neman fim ɗin, ya tarar an mai da wurin ma'ajiyar siminti. Mai gadi ya shaida masa cewa magadan masu kamfanin sun sayar da faifan gaba ɗaya a kan sikeli, kamar tsohon ƙarfe, kuma bai san wanda ya saya ba.

Shekarun Ƙaho

A watan Disamban 1983 yana ratsa kasuwar Divisoria, lokacin da ake baza ƙahonin torotot da kowa ke busawa don korar tsiyar tsohuwar shekara, sai wata mai sayarwa, Aling Choleng, ta busa masa ɗaya a kunne.

Ta ce, "A'a, ashe ba ka mutu ba? Da idona na ga an jefa ka daga kan gada!"

Ya ce, "Na iya ruwa, Aling. Janye wannan abin daga kunnena."

"Saya mana, ko mugunta ta hana?"

Ya karɓa don ta ƙyale shi. Ƙahon ba na takarda ba ne, zaren fim ne aka nannaɗe shi ya yi tsini, aka liƙe da gam, aka sa masa baki na gora. Ya ɗaga shi sama ya saita da rana, sai ya ga gonar gishiri, ga tsibin gishiri jere, ga ƙafafun mace cikin ruwa. Ya san ƙafafun. Ya saye duk abin da ke kan teburin, ya hau mota da buhu biyu na ƙaho, fasinjoji suna tambayarsa ko jikokinsa ɗari ne.

Daga wannan shekara ya ɗauki wata ɗabi'a da bai bari ba. Kowane Disamba sai ya saye ƙahonin Aling Choleng, ya jiƙa su a ruwan ɗumi har gam ya saki, ya warware, ya shanya a igiyar wanki, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Maƙwabta suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Efren ya ce, "Tatay, mutane na busa nasu, kai kana wanke naka." Ya ce, "Kowa da irin bikinsa."

Mafi yawan abin da yake samu na wasu finafinai ne, kuma sau da dama kansa yake gani ana dukansa ko ana harbinsa. Na Ɗiyar Mai Gishiri kuwa ya sami bayan Puring, ya sami hannunta riƙe da kwando, ya same ta daga nesa kamar ƙwayar shinkafa a bakin teku. Fuskarta ce kawai bai taɓa samu ba. Ya sha tambayar Aling Choleng inda ake yin ƙahonin, ita kuwa ta ƙi faɗa.

Takan ce, "In gaya maka ka tafi can ka saya da araha, ni in ci me? Kai ne fa kasuwata, Mang Tinoy."

Yakan ce, "Ke ya kamata a riƙa ba wa bindiga a fim, ba ni ba."

Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ce wanda aka kashe sau da yawa ba ya son ganin wuƙa a kusa da shi. Zuwa shekarar 1990 sai da madubin ƙara girma yake duba zaren, a shekarar da ta biyo baya madubin ma ya daina amfani.

Tafiyarsa Bocaue

A Disamban 1991 Remedios, wadda a lokacin take da shekara talatin kuma take koyarwa a makarantar firamare, ita ta riƙo hannunsa zuwa Divisoria. Aling Choleng ta miƙo masa ƙaho, ya kai hannu ya kama iska. Ganin haka sai ta tambayi Remedios abin da tsohon yake nema duk shekarun nan. Remedios ta faɗa mata.

Aling Choleng ta ce, "Kai, amma kai wawan mugu ne! Ka ce min fuska kake nema mana! Ai ba za ka taɓa samun fuskar mace a ƙaho ba. Uwata ce ke yin su a Bocaue, kuma ta hana a naɗe fuskar mace a abin da bugaggu za su cika da yawu. Yanke su take yi ta ajiye, ta yi fitilar Kirsimeti da su."

Ya ce, "Ni da tawa fuskar fa?"

Ta ce, "Taka ai ta dace da yawu."

Ranar Lahadi suka hau motar Bulacan, lardin da Bocaue take, su uku. Tsohuwar, Nana Iska, ta haura tamanin, kuma a rumfar bayan gidanta akwai fitilun parol masu siffar tauraro rataye, na shekaru daban-daban, kowanne an ƙera shi da tsinken gora an lulluɓe da zaren fim. Wasu zafin ƙwan lantarki ya ƙone su, wasu sun koɗe sun zama fari fat. Tinoy ba ya ganin komai sai duhu-duhu, Remedios kuwa tana gani amma ba ta san wadda take nema ba. Saboda haka aka ajiye masa kujera a tsakar gida, tana sauko da taurarin tana ɗagawa a rana, tana faɗa masa abin da ta gani.

"Wannan tana da fure a kunne."

"Ba ita ba ce. Wannan ce ta ƙi shiga ruwan gishiri."

"Wannan tana kuka, da sarƙa a wuya."

"Uwarki ba ta da sarƙa. Wuce."

Suna haka har rana ta karkata, Nana Iska ta kawo musu shinkafa da miyar tsamiya, ya ƙi ci. Can Remedios ta ɗaga wani ƙaramin tauraro da kusurwarsa ɗaya ta karye, ta daɗe tana ƙura masa ido.

Ya ce, "Ke, kin yi barci ne?"

Ta ce, "Tatay, wannan tana da malafa. Akwai farin abu a kumatunta."

"Gishiri ne. Bakinta fa?"

"Dariya take yi. Tana da wushirya." Ta sa yatsa ta taɓa nata haƙoran. "Irin tawa, Tatay. Har karkacewar leɓen."

Ya ce, "To. Yanzu kya ce don kada ki yi kuka nake faɗa?" Ya ƙara da cewa, "Ba a rubuta ta yi dariya a wurin nan ba. Ni ne na ja da baya ina ba da umarni, na faɗa cikin gishiri."

Ya nemi ya biya, Nana Iska ta ƙi, ta ce ba a sayar wa mutum matarsa. Sannan ya ce a kawo shinkafar. Efren ya so a warware tauraron a haɗa zaren a nuna a majigi, Tinoy ya hana, ya ce ta sha yanka ya isa. Daga wannan shekara bai sake sayen ƙaho ba, kuma Aling Choleng ta riƙa gaya wa mutane cewa bakinta ne ya karya mata kasuwa.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Celestino Dimaano rasuwa ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1994, a gidan 'yarsa da ke Sampaloc, bayan gajeriyar jinya ta ciwon huhu, yana da shekara sittin da shida. An yi zaman makoki na kwana biyar, tsofaffin abokan aikinsa suka zo suka yi karta a ƙofar gida kamar yadda aka saba, wasunsu suna gardamar wanda ya fi kashe shi. Bayan addu'a a cocin unguwa, an binne shi a maƙabartar arewacin Manila, kusa da matarsa Purificacion.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki takwas: Efren, makaniken mota a Caloocan, Nestor, ma'aikacin jirgin ruwa, da Remedios, malamar makaranta, wadda tauraron yake hannunta. Ba ta taɓa sa masa ƙwan lantarki ba, don kada zafi ya ci fuskar. Kowane Disamba takan rataye shi a tagar da ke kallon gabas, rana ta kunna shi da safe.