Layi Ɗari Biyar da Suka Rage na Heber

Shekara goma sha shida muna zaune kafaɗa da kafaɗa ni da Heber Olascoaga a ɗakin kwamfuta na wata ƙungiyar masu madara a garin Paysandú, amma in aka tara maganar da ya yi min da baki ba za ta cika yini guda ba. Ni kuwa, Zulma, kowa ya san bakina ba ya hutawa, fushina kuma a kusa yake. Shi ke dafa ruwan mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo, ya cika ƙoƙon ya miƙo min ba tare da ya ɗauke ido daga allo ba. In na cika masifa sai ya ce, "Sha, uwar faɗa." Hirar safe ta ƙare ke nan.

Ɗan mai askin tumaki ne, da kansa ya koyi aikin tun zamanin da rubutun allo kore ne. Ba ruwansa da hotuna da danne-danne. Baƙin allo ne nasa, ya rubuta umarni, na'ura ta amsa. Kafin ya goge fayil sai ya sa ta jero masa abin da zai goge, ya bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Allon babbar na'ura ya mai da shi ja don kada wata rana ya ɗauka ta gwaji ce. Ranar Juma'a da yamma ko shugaba ne ya roƙe shi ba ya taɓa komai. Abin da ya fi damuna da shi kuwa shi ne, "Kwafi tukuna, Zulma, sannan ki taɓa." Na ji wannan har na ƙoshi.

Na'ura tana ajiye umarnin da mutum ya rubuta a wani fayil da muke kira tarihi, in ka danna kibiyar sama na baya ya dawo. A yadda take zuwa, layi ɗari biyar kawai take riƙewa, ta zubar da tsofaffi. Heber ya cire wannan iyaka a cikin saitinsa, kuma duk sabuwar kwamfutar da aka ba shi sai ya kwashi tarihinsa ya kai can. Haka ya tara na shekara ashirin da biyu. Sannan layin da ya fara da alamar #, na'ura ba ta aiki da shi, amma tana ajiyewa. Mu muna sa alamar don mu tuna wa kanmu dalilin wani umarni. Shi kuwa a nan yake magana.

Ba leƙe nake yi ba, teburin ne a matse. Na taɓa ganin, "# Nibia ta rage gashi, ban ce komai ba, ya yi mata kyau." Wata rana kuma, "# ta yi dariya a bas, ban san me na faɗa ba." Nibia matarsa ce. Na ce masa, "Kai tsoho, ka gaya mata mana, na'ura ce ta aure ka?" Ya miƙo min ƙoƙo.

A watan Maris hannunsa na dama ya fara rawa. Rubutu ya zama masa wahala, ya koma yin abin da ya zama dole kawai. A Yuni zuciyarsa ta tsaya, Allah ya jiƙansa.

Bayan an kai shi, Nibia ta riƙe hannuna a ƙofar gida. Ba kuka take yi ba. Ta ce, "Shekara talatin da huɗu, Zulma, ban san ko yana sona ba, ko haƙuri kawai ya yi da ni."

Bakin nan nawa ya riga ni. Na ce, "Yana rubuta ki, 'yar'uwa. Kullum. Da idona na gani."

Ta ce, "Kawo min."

Litinin da safe na nemi izinin shugaba, na zauna a kujerarsa, na shiga da sunansa. Sai allo ya tsaya cik. Saitinsa yana neman wata tsohuwar na'ura da aka kashe bayan rasuwarsa, yana jiran ta amsa. Da na jira minti biyu da ya gaji ya wuce. Da na shiga da sunana na kwafe fayil ɗin tukuna, da duk haka ba ta faru ba. Amma raina ya ɓaci, na ja tsaki, na sa kwamfutarsa ta buɗe ba tare da ta karanta saitinsa ba. Nan take ta buɗe, har na ji daɗi. Na sa ta ƙirga min layukan tarihin. Ta ce ɗari biyar.

Da ba ta karanta saitinsa ba, ta koma yadda aka ƙera ta, ta datse fayil ɗin ba tare da ta tambaye ni ba. Na ruga wurin ajiyar da muke yi kullum. Komai na ƙungiya yana nan, har lissafin madarar shekarun baya, amma nasa babu. Shi da kansa ya cire kayansa daga ajiyar, don a ganinsa ba na ƙungiya ba ne. Kwana uku ina tonon faifan kwamfutarsa, ban samu komai ba sai tarkace. Wallahi ban taɓa tsanar hannuna kamar a makon nan ba.

Ɗari biyar ɗin na makonninsa na ƙarshe ne, umarni zalla, da kurakuran hannu mai rawa. Na yi tunanin in zauna in rubuta layukan da kaina, in sa musu alamar, wa zai gane? Har na rubuta biyu. Da na karanta sai na ji muryata ce, surutu ya yi yawa, na goge.

Lahadi na buga ɗari biyar ɗin a takarda na tafi gidan. Ana ruwa, Nibia ta soya torta, irin fankenmu. Na gaya mata komai a tsaye, ban ɓoye cewa gajen haƙurina ne ya jawo ba. Na faɗa mata na gashi da na bas, su kaɗai nake iya rantsuwa a kansu. Ta sauke kaskon daga wuta.

Ta ce, "A waɗannan da suka rage, akwai sunana?"

Na ce, "Babu."

Na so ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai ta ja min kujera, ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko. "Wannan me yake cewa?"

"Yana duba sauran wuri a faifai ne."

"Wannan fa? Na ga ya maimaita."

"Ya yi kuskure, ya sake. Sau huɗu."

Ta daɗe tana kallon layukan huɗu. Ta ce, "A gida cewa yake hannun ya yi sauƙi."

Mun kai layi na ashirin ta cire tabarau ta ninke takardar. Ba ta raka ni ƙofa ba. Ina sa takalmi ta ce daga kicin, "Ki dawo Lahadi, Zulma. Saura ɗari huɗu da tamanin."